Kaduna: Garin da Gidan Rediyo Ya Zama Fadar Mawaƙa

Masu kallonmu, assalamu alaikum. A tsohon tsarin ƙasar Hausa, makaɗi yana da ubangida, ko sarki, ko attajiri, ko masu wata sana'a irin su manoma da mahauta da 'yan dambe. Kaduna ba ta taso a kan wannan tsari ba, domin ba tsohon birni ba ce mai ganuwa da fada kamar Zariya ko Kano. Turawan mulkin mallaka ne suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, jama'a suka yi ta kwararowa saboda aikin gwamnati da na jirgin ƙasa da na soja, daga baya kuma masaƙun Kakuri suka jawo wasu. To, a garin da babu fada, wa ya riƙe mawaƙa?

Gidan rediyo ne ya riƙe su. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, wanda ɓangarensa na rediyo ya koma ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya a 1978. Mamman Shata mutumin Musawa ne, Ɗan Maraya kuma mutumin Jos, amma ta wannan gida muryoyinsu suka riƙa shiga ƙauyuka, har suka tsallaka zuwa Nijar da Kamaru. Wannan ya taɓa waƙar ita kanta. Makaɗin fada yana iya kwana yana yabon mutum ɗaya, shi kuwa wanda ya zauna gaban makirufo an ƙayyade masa mintoci, kuma bai san fuskar mai sauraronsa ba, saboda haka dole ya nemi zancen da ya shafi kowa. Da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, aka kuma sauya kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, waƙa tana cikin hanyoyin da aka bi wajen fahimtar da talakawa.

Wasan kwaikwayo ma a nan ya yi ƙarfi. Marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja da aka fi sani da Samanja, ya ɗauko Hausar bariki, wadda take gauraye da Turancin soja, ya mayar da ita harshen barkwanci. A ganinmu, da wuya a sami garin da wannan salo zai karɓu da sauri kamar Kaduna, inda Bahaushe da Gbagyi da Bajju da Bayarabe suke cin kasuwa ɗaya.

Yanzu bari mu leƙa inda ake haɗa waƙa a yau. Situdiyo a Tudun Wada ko Kawo sau da yawa ɗaki ɗaya ne da aka manna wa soso a bango, da fiyano, da kwamfuta, da janareta yana ruri a waje. Matashi yakan shigo da littafin rubutu irin na makaranta, kuma abin da ya fara rerawa shi ne amshi, domin a kansa mai kiɗa zai ɗora kari. Idan amshi ya zauna, sai a bi baitoci ɗaya bayan ɗaya, ana duba ko ƙarshen kowane ɗango, wato layin baiti, ya faɗa a kan amsa-amo, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen layuka. Kalmar da ta fi kiɗan tsawo, komai daɗin ma'anarta, cire ta ake yi. Abin lura shi ne, wannan matashi ya haɗa gado biyu da a da suke rabe: yana rubutawa kamar marubutan waƙa, yana kuma rerawa da kiɗa da 'yan amshi kamar makaɗan baka. Abincinsa kuwa yakan fito ne daga waƙar amarya da ango, da talla, da waƙar siyasa idan zaɓe ya ƙarato.

Akwai kuma taruka. Tun 2017 aka fara bikin littattafai da fasaha na Kaduna, wato KABAFEST, inda marubuta daga Najeriya da ƙetare suke karanta ayyukansu, matasa kuma su hau dandamali su gabatar da waƙa ba tare da kiɗa ba. Mai neman tsofaffin rubuce-rubuce kuwa, Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970, shi ne wurin zuwansa.

Tatsuniya ce ta fi jin jiki. A da, bayan sallar isha'i kaka takan ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” yara su amsa “Ta zo mu ji ta,” a shiga labarin Gizo da Ƙoƙi har a kai ƙurunƙus. Wannan zama ya yi ƙaranci a gidajen haya na birni, amma ƙishirwar labari ba ta gushe ba. Gidajen rediyo suna da filayen karanta littattafan Hausa, wasu kuma suna karantawa su ɗora a YouTube kashi-kashi. Sai ka ga tela a Kasuwar Barci yana taka keke, wayarsa jingine da kwalin zare, mai karatu yana sauya murya daga ta uwar miji zuwa ta amarya, abokan aikinsa kuma suna gardama a kan wadda ta fi gaskiya a cikinsu.