Yadda Kwalba Take Zama Dutsen Wuya a Krobo

Salamu alaikum mutanen Maraɗi, ina wuninku? Yau daga Odumase-Krobo nake magana, a gabashin Gana, inda ake mayar da tsohuwar kwalba duwatsun wuya da na hannu.

Ku dubi turmin nan, na ƙarfe ne. Kafin daka sai an wanke kwalabe, an kankare takardar jikinsu, an ware kore daban, fari daban, ruwan ƙasa daban. Ba don launi kaɗai ba. Gilashin taga da na kwalba ba sa hucewa tare. In aka gauraya su, dutsen zai fito sumul, yana yin sanyi ya tsage. Bayan daka sai a tankaɗe da rariya, hanci a rufe, don ƙurar nan ba ta yi wa huhu daɗi.

Bari in matso da kyamara. Wannan abin yumɓu mai ramuka kamar tandar masa, a cikinsa ake zuba garin. Ana fara tsoma shi a ruwan farar ƙasa. Wanda ya yi ƙyuya a nan, dutse zai manne masa, sai ya fasa tandar. A tsakiyar kowane rami ana kafa ɗan karan ganyen rogo. Wuta ta cinye shi, ya bar hudar da zare zai bi.

Tanderun da ƙasar shuri ake gina shi, don tana jure zafi, ƙarafan sifirin na tsohuwar mota ne maɗorin ciki. Kusan rabin awa ake gashi. Wuta ta yi kaɗan, dutse ya marmashe a hannu. Ta yi yawa, ya narke hudar ta toshe. Ba ma'auni, da ido suke gane jan wutar. In ya huce a goge shi da yashi da ruwa a kan dutse.

Abin da ya fi burge ni, itace ne ke cin kuɗi, shi ya sa masu wannan rumfar da maƙwabtansu ba sa hura wuta kowa shi kaɗai. Suna cika tanderu ɗaya tare, kuma in babbar oda ta zo sai a raba, da samfuri ɗaya a hannun kowa don launi kada ya bambanta. Mata ke shirya su a zare, su kai kasuwar Koforidua ranar Alhamis.

A Maraɗi kwalba ba ta yi mana wuya ba, maginan tukwane ma muna da su. Itacen ne matsala, don haka mai son gwadawa ya fara neman abokan wuta tukuna.