Banki da Benci 'Yan Gida Ɗaya Ne

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Yau kalmar Turanci muka ɗauko, wadda muka ara har ta zama 'yar gida, wato bank, da muke cewa banki. A wurinmu gidan ajiyar kuɗi ne kawai. Amma a bakin Bature gaɓar kogi ma bank ce, tudun yashi bank ne, hatta karkatar da jirgin sama ke yi idan zai sha kwana, sunanta ke nan. Shi ya sa ɗalibi kan karanta cewa masunci yana zaune a bank, ya zaci kuɗi ya je cira, alhali ƙugiya ya jefa.

Ta hanya biyu kalmar ta shiga Ingila. Ta gaɓar kogi ita ce babba, daga harshen mutanen arewacin Turai ta zo, inda suke cewa bakki. Kada kunne ya yaudare ku, ba ta haɗa komai da bakin kogi namu ba, dace ne kawai.

Ta kuɗi kuwa sai a ƙarni na 15 ta iso, daga Italiya ta biyo ta Faransa. A kasuwannin Florence da Venice, 'yan canji kan zauna gaban wani teburi, su baje tsabar kuɗin ƙasashe a kai. Sunan teburin banca, ma'ana benci. Ana cewa idan ɗan canji ya kasa biyan mutane haƙƙinsu, sai a karya masa teburin, banca rotta ke nan, karyayyen benci. Daga nan Turanci ya samo bankrupt, mu kuma da ma karayar arziki muke cewa. Daga irin waɗannan tebura aka kai ga bankin gidan Medici, attajiran birnin Florence, a 1397, da na Monte dei Paschi a birnin Siena a 1472, wanda har yau yana aiki.

Abin da ya fi burge ni, idan aka bi salsala, da gaɓar, da teburin, da bencin da muke zama a kai a ƙofar gida, duk saiwarsu ɗaya: wuri mai ɗan tudu. Mu ma sau biyu muka ara ba mu sani ba, muka ce banki, muka ce benci.

Saboda haka duk wanda ya bi ta Wapa a Kano, ya ga Alhaji a kan benci yana lissafin dala da riyal, to ya gaishe shi da kyau. Sana'arsa ta girmi mai kwat da na'urar sanyaya ɗaki.