Abota da Tarayya a Kayan Alatu

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

A 1986 wani masanin lissafi a Amurka, Richard Santulli, ya fara sayar da jiragen sama na alfarma kashi-kashi, tsarin da aka sani da NetJets. Ana lissafa wa jirgi sa'o'i 800 a shekara, mai kashi ɗaya cikin 16 ya samu 50. Attajirin Amurka Warren Buffett ya fara da zama mai kashi, a 1998 kamfaninsa ya saye harkar gaba ɗaya. A can kamfani ne ke raba rana da lissafin gyara, masu jirgin ba sai sun san juna ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne abokai. Mutum uku ku haɗa kuɗi ku sayi mota mai tsada, ko jirgin ruwa na shaƙatawa, babu kamfani a tsakaninku. Ranar saye kowa murna yake. Bari ranar da biyu za su buƙace ta lokaci guda, ko ɗaya ya dawo da ita an ƙuje ta, ya ajiye makulli ya yi shiru. A nan za ka san abokinka, kuma wallahi za ka san kanka. Allah ya faɗa mana a Suratu Sad, aya ta 24, cewa da yawa daga abokan tarayya suna zaluntar juna, sai masu imani da aikin ƙwarai, su kuwa kaɗan ne.

Malaman fiƙihu suna da suna ga wannan karɓa-karɓa: muhaya'a, wato a raba amfanin abu ta lokaci ko ta wuri, shi abin yana nan na kowa.

Wani zai ce, Malam, abokina na shekara 20 zan ce mu sa hannu a takarda? E, ka ce. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Kunyar maganar kuɗi ta raba mutanen da kuɗin kansa bai raba ba. Ku rubuta wa ke biyan gyara, wa ke da ita wane mako, kuma in ɗaya zai fita, nawa za a sayi kasonsa.

Na ga mutumin da ko abin hannunsa ba ya iya ba wa wani aro. Bayan shekara biyu a tarayya, shi ke kira ya ce, "Ɗauki makona, ka fi ni buƙata." Yanzu in ya yi ɓarna, tun kafin ya iso ya faɗa ta waya.

To, ga hannu can a sama. Bismillah, yi tambayarka.