Sakan biyu a kan zobba

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu na zo da su kan riƙe jiki cak ba motsi, irin su filanshi (ka ɗaga jiki a kwance bisa hannaye kaɗai, ƙafa ba ta taɓa ƙasa) da furon liba (ka rataya a ƙarfe jiki a kwance kana kallon sama) da tsayuwa kan hannu, in lokaci ya bari.

Na farko, a gasar jimnastik ta duniya, in mutum ya kama zobba biyun nan da ke rataye da igiya, ya buɗe hannaye gefe da gefe jiki na lilo a tsaye, wato ya yi giciye, sakan biyu kacal alƙalai ke nema. Biyu fa! Ka ce ai ko atishawa ta fi haka tsawo. Amma Albert Azaryan ɗan Armeniya da ya ci zinare a Olamfik na 1956 da na 1960, har giciye ɗaya ake kira da sunansa, shekaru ya yi yana gina wannan sakan biyun. Liu Yang na China ma haka, ya ci a Tokyo ya sake ci a Paris 2024.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Jijiya. Jijiya, jama'a. Tsoka tana saurin amsa kira, sati shida ka ga damtse ya fara tashi kana ta kallon madubi, amma jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jini bai cika kai mata sosai ba, ita watanni take ɗauka kafin ta yi ƙwari. To shi filanshi da gwiwar hannu a miƙe sambal ake yin sa, nauyinka gaba ɗaya yana sauka kan jijiyar nan ta cikin gwiwar hannu da wuyan hannu. Tsoka ta ce na shirya, jijiya ta ce ni da saura, kai kuma ka bi maganar tsoka. Ni nan da kuke gani haka ta faru da ni. Na sa wani mai walda ya haɗa min ƙarafa biyu, kullum bayan asuba ina kai, ranar nan na buɗe ƙafa zan yi abin da na gani a waya sai na ji wani zafi ya tsarga min a gwiwar hannu kamar an soka min allura. Wata huɗu ko bokitin wanka da hagu nake ɗauka, maiɗakina har tsiya take min wai ga gwarzo an koma ɗaukar buta. Kuna dariya ko? Ni lokacin ban yi ba.

Shi ya sa nake nanatawa, ka fara a dunƙule, gwiwoyi manne da ƙirji. Ka riƙe sakan 10, ka huta minti biyu, ka sake, har su haɗu minti ɗaya. Sai ranar da sakan 15 zuwa 20 ya zama ba komai, kana iya magana a ciki, sannan ka miƙe baya, can gaba ka buɗe ƙafa. Kuma in ka lanƙwasa gwiwar hannu ko kaɗan ka yi maguɗi, domin ƙarfin da ake samu a riƙo yana tsayawa ne kusa da inda ka saba riƙewa. Ciwon tsoka daban, zafin gaɓa daban. In gaɓa ce ke magana, sauka. Sauka kawai, ba wanda zai ba ka kofi.

Na uku, numfashi, kar ka danne shi, jini na hawa, masu hawan jini su ga likita tukuna. Wuyan hannu kuma a ɗumama shi minti biyar... wannan na huɗu ne ko har yanzu uku muke? Bari dai.

Na'am, mai jar riga? Ɗaga murya. Wai yana cewa shi dogo ne, shekara guda yana fama, ƙanensa gajere ya wuce shi a wata uku. To ɗan'uwa ba a yi maka asiri ba. Ɗauki taɓarya ka riƙe ta a tsakiya, sannan ka riƙe ta a can bakin ka miƙa ta, nauyi ɗaya ne amma hannu zai gaya maka bambanci. Ƙafarka ce taɓaryar. Shi ya sa zakarun zobba yawanci gajeru ne. Kai zama a dunƙule zai fi ɗaukar ka lokaci, kuma buɗe ƙafa sosai yana rage maka nisa. Zo nan gaba ma, cire takalmin, a matsar masa da bencin nan. Ɗora tafin hannu a ƙasa, tura kafaɗa gaba. A'a, miƙe gwiwar hannun. Wa ke da agogo?