Takin ƙwaƙwalwa: me ya sa maganin ciwon damuwa ke jinkiri?

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu kallo.

A nan Tawa kun sha jin wannan magana: "Kwana goma ke nan ina shan magani, ban ga komai ba." Sai a tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa. Mai wannan magana yana fama da ciwon damuwa mai tsanani ne: barci ya ƙaurace masa, tuwo ba ya shiga, ko suna aka yi a maƙwabta ba ya iya leƙawa.

Ga abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Magani irin su fuluwoksetin yana ɗaga sinadarin serotonin, mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, cikin sa'o'i kaɗan, amma sauƙi ba ya zuwa sai bayan mako 2 zuwa 6. To, me ake jira?

Ku tuna fako a ƙasar Adar, inda ko ciyawa ba ta fita. Manomi ya haƙa tassa, ya zuba taki, ya jira damina. Ƙwaƙwalwa ma tana da nata takin: wasu sinadarai da ke sa ƙwayoyinta su rayu, su yi rassa, su riƙe juna. Rita Levi-Montalcini, ƴar Italiya, ita ta gano na farkonsu, har ta samu kyautar Nobel a 1986 tare da Stanley Cohen. Wanda ya fi shafar zancenmu sunansa BDNF. A 1982 aka fara tace shi a Jamus, daga ƙwaƙwalwar alade, ku yi haƙuri da ambatonsa.

Idan tashin hankali ya daɗe, bashi ne, rashi ne ko zaman jiran ɗan da ya tafi bida, jiki yana ta zubo sinadarin kotizol. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna doguwar wahala tana rage BDNF a hifokamfas, sashen da ke riƙe tunani da koyo. Rassan ƙwayoyin sai su tsuke, mahaɗarsu ta ragu. Hoton ƙwaƙwalwar mutanen da ciwon ya yi ta dawo musu ma yakan nuna sashen ya ɗan ƙanƙance.

A 1997 Ronald Duman da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka ce watakila nan gizo ke saƙar: magani yana ɗaga BDNF sannu a hankali, kuma sake fitar da rassa aikin makonni ne. A 2021 masu bincike a Helsinki suka nuna cewa wasu magungunan suna manne wa TrkB kai tsaye, wato ƙofar da BDNF ke ƙwanƙwasawa a jikin ƙwayar. Ketamin kuwa, maganin sa barci da aka sani a ɗakin tiyata, yana tayar da wannan hanya da gaggawa, shi ya sa wasu ke jin sauƙi cikin sa'o'i. Aikin asibiti ne, ba na tebur a kasuwa ba.

A ganina, a nan ya kamata a ja birki kaɗan. Ba ko'ina takin ke amfani ba: a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da jin daɗi, yawan BDNF ya ƙara wa ɓeraye gudun ƴan uwansu ne. Akwai kuma wasu sinadarai irinsa, kowa da rawarsa. Ba a gane ciwon damuwa da awon BDNF a jini, kuma duk wanda ya tallata muku shi a kwalba, kuɗinku yake so, domin da ƙyar yake ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa.

Motsa jiki dai yana ɗaga BDNF, ko da tafiyar ƙafa ce da sanyin safiya. Mai shan magani kuma, idan mako 6 ya cika babu canji, ya koma wajen lokotoro a duba yawan maganin da yake sha ko a sauya masa wani. Idan tunanin kashe kai ya shigo, ba a jiran makonni, a kai shi asibiti ranar.