Faɗin Maganar Wani da Jimlar Sharaɗi a Turanci

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku saurari wannan: Musa ya ce yana jin yunwa. Ko jiya ya faɗa, ko bara, a Hausa wannan "yana" ba ta canzawa. Turanci ba haka yake ba, kuma nan ne ɗalibanmu ke yawan zubar da maki a WAEC da NECO.

Musa da bakinsa ya ce, "I am hungry." In za ka ba da labari daga baya, sai ka ja aikatau baya taki ɗaya: "Musa said he was hungry." Am ta koma was, will ta koma would, can ta koma could. Tomorrow ma ta zama the next day, domin goben Musa ta riga ta wuce. Tambaya kuwa, in ta shiga labari, sai ta tuɓe rigarta: "She asked where I lived," ba "where did I live" ba.

To, sai jimlar sharaɗi, inda Hausa ke taimaka mana sosai, don muna da "idan" muna kuma da "da".

Abin da zai iya faruwa, na "idan" ne. Idan ka zo, zan ba ka: "If you come, I will give it to you." Ku lura, will ba ta bin if a nan. Kuma kada "ka zo" ta ruɗe ku ku ce came.

Abin da babu shi a yanzu, na "da" ne. Da ina da kuɗi, da na sayi mota: "If I had money, I would buy a car." Wannan had ba jiya take nufi ba, yau take nufi, aljihu ne dai babu komai.

Sai na ukun, wanda Hausawa ke cewa ƙeya ce: da na sani, da na zo. "If I had known, I would have come." Bakin alƙalami ya bushe, shi ya sa had da would have suka haɗu.

Yanzu ku ɗauki biro ku juya wannan zuwa Turanci: Binta ta ce da ta ji kiran, da ta fito.