Jan tabo a hoton fim: ku karanta nagetif kafin ku taɓa kyamara

A ce an wanko muku fim, kuka dubi hoto na farko. Fuska ta fito, launi ya zauna, sai ga wani jan harshe a gefe kamar wuta ta lashe shi. Na biyu ma haka. Na uku lafiya lau. Na huɗu ya fi duka ci. Tun da tsofaffin kyamarorin fim suka dawo yayi, irin waɗannan hotuna ke ta yawo a intanet, kuma bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashinsu bai wuce biyu: ko fim ya tsufa, ko mai wankin hoto ya ɓata aiki. Mai wanki dai yana shan zagi a banza. Galibi haske ne ya saci hanya ya shiga cikin kyamara, kuma fim ɗin ya riga ya nuna ta inda ɓarawon ya bi. Karanta shaidar ce mutane ba su iya ba.

Kafin mu je can, bari mu share ƙananan matsaloli a gurguje.

Hannun jan fim ya cije? Kada ku matsa masa, haƙoran da ke ciki ƙanana ne, wasu ma na roba. Ku duba ƙidayar hotuna: in ta kai 24 ko 36, fim ne ya ƙare, ba abin da ya lalace. Ku duba ɗan hannun nan na gaba mai jinkirta ɗauka, ko ya tsaya a rabin hanya. Sannan batir. Canon AE-1, wadda ta fito a 1976, ba ta ko motsi sai da batir mai bolt 6, wato 4LR44. Pentax K1000 kuwa, sa'arta a shekara, tana ɗauka ko babu batir, mitar haske kawai ke mutuwa. In kun ga farin gari ko kore a gidan batir, ɗan binega a auduga, a goge, a bari ya bushe. Masu Olympus OM-1 da Minolta SR-T 101, an ƙera mitarku ne don batirin zaiba mai bolt 1.35 wanda aka daina yi. Na yanzu mai 1.5 zai sa allurar mita ta yi muku ƙarya, batirin na'urar jin magana mai lamba 675 ya fi kusa. Man feshi na kwance tsatsa kuma, don Allah ku bar shi a gareji. Ɗigo ɗaya ya isa ya bi labulen shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya isa ga fim, ya liƙe shi.

To, ga nagetif, wato fim ɗin da aka wanke, wanda daga jikinsa ake fitar da hotuna.

Abu na farko, ku karɓo shi daga wurin wanki. Da yawa suna karɓar hotunan da aka tura musu ta waya su bar nagetif a can, alhali na'urar da ke kwafe hoto tana yanke gefen fim, kuma a gefen ne amsar take. Ku ɗaga shi ga taga, ko ku ɗora a kan farin allon waya.

Kun ga ƙananan rubutu da lambobi a bakin fim, kusa da hudoji? Tun daga masana'anta aka buga su da haske, sai an wanke suke bayyana. In fim ya fito fes babu hoto amma rubutun na nan, wanki ya yi daidai, haske ne bai taɓa isa ga fim ba: ko bai kama kwarkwaron naɗi ba, ko shata ba ta buɗe ba. In babu hoto babu rubutu, to a nan kam ku je ku yi magana da mai wanki.

Yanzu tabon namu. A nagetif baƙi yake fitowa, domin komai a juye yake. Tambaya ɗaya ce: ya tsaya a cikin iyakar hoton, ko ya tsallaka zuwa hudojin gefe?

Dalilin tambayar ke nan. Ku ga wannan tagar mai kusurwa huɗu a cikin kyamara, milimita 24 da 36. Duk hasken da ya fito ta gaba, ta lens, wato gilashin gaban kyamara, ko ta shata, dole ya bi ta nan, don haka ba ya wuce bakinta. In tabo ya tsaya cak a kan iyakar hoto kamar an yanke da reza, daga gaba ya zo. In kuwa ya malala ya cinye hudoji da rubutun gefe, ba ruwansa da tagar, ta baya ya shigo, ta murfi.

Launi ma shaida ne. Fim mai launi hawa-hawa ne: na sama mai jin shuɗi, na tsakiya kore, na ƙasa ja, sannan ledar da ta ɗauke su. Hasken da ya zo ta baya sai ya ratsa ledar, ya fara cin karo da hawan ja. Shi ya sa tabon murfi ke fitowa ja ko ruwan lemo. Wanda ya zo ta gaba fari yake fitowa, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. Ja mai tsallaka iyaka, murfi ne. Fari mai tsayawa a iyaka, a duba gaba.

A nan ne kusan kowa ke zamewa, don haka zan rage gudu. Mutum ya ga tabo a ƙasan hoto, sai ya bi ƙasan murfi da salatif. Bai san lens kife hoto yake yi ba. A cikin kyamara sama tana ƙasa, dama tana hagu. Tabon da ke ƙasan hoto, daga saman murfi ya shigo.

Kuma wannan ma in haske ya sami fim ɗin yana tsaye a bakin taga ke nan. Sau da yawa ba a nan yake samunsa ba. Ku bi tafiyar fim da ido: daga gwangwaninsa a hagu, ya ratsa taga, ya naɗe a kwarkwaro a dama. Mene ne a dama? Hinjin murfi. Ka ɗauki hoto, ka ja hannu, hoton ya matsa ya je ya zauna daf da hinji. Ka rataya kyamara a wuya ka yi yawon awa biyu a rana. Duk tsawon lokacin nan haske na ɗiga a kansa. Shi ya sa hoto na huɗu ya ƙone, na uku kuma bai ji komai ba: na uku an ɗauka an wuce nan take, na huɗu shi ya yi zaman jira. Fim da ya tsufa ba ya zaɓe haka, dusashewa yake yi gaba ɗaya daga farko har ƙarshe.

In lissafin sama da ƙasa ya rikita ku, ga hanya mai sauƙi. Ku mayar da nagetif ɗin cikin kyamara yadda ya zauna tun farko, ɓangaren da ba ya sheƙi yana kallon lens, hoto a kife. Ku daidaita shi da taga, sannan ku ja shi dama a hankali, hudoji takwas hoto ɗaya ke nan. Ku ga inda baƙin layin ya faɗa. Ga shi nan, daidai kan hinji.

Sai mu duba abin da ya kamata ya tare wurin. Ku ga wannan baƙin abu a cikin tsagin da bakin murfi ke shiga, sama da ƙasa, da kuma faffaɗan nan na jikin hinji. A da soso ne. Bayan shekara arba'in da wani abu, ya koma kwalta. Ku taɓa da tsinke: in ya dawo da danƙo, ko ya zube kamar toka, ya gama aiki.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifirit mai ƙarfi, irin isopropyl na kashi 90 cikin ɗari zuwa sama, tsinken sakace ko na gora, auduga, reza sabuwa, rula ta ƙarfe, da baƙin soso mai gam a baya wanda aka yi don kyamara, kauri milimita 1 da kuma 1.5.

A fara da rufe tagar shata da ɗan kwali, a kama shi da salatif na takarda. Labulen nan, na yadi ne ko na ƙarfe, yatsa ɗaya ya isa ya kashe shi, kuma ɓurɓushin kwalta in ya faɗa ciki ba ya fita da daɗi. A ɗiga sifirit kaɗan a tsagi, a jira minti biyu, a bi da tsinke. Ban da allura, ban da sukudireba: in kun kankare baƙin fenti, ƙarfe zai riƙa mayar da haske. A naɗe 'yar takarda a bakin tsinke, a bi, a sake, a bi, har ta fito fara. Aikin gundura ne, kashi uku cikin huɗu na lokacin a nan yake tafiya. Kada a manta bakin murfin kansa, shi ma ya kwashi rabonsa.

Yankan soso: siriri, faɗin kamar milimita 2, amma ku auna tsagin taku. Dabarar sakawa ita ce a ɗan shafa sifirit a kan gam ɗin. Zai daina kamawa na ɗan lokaci, soso ya zame ya kwanta a gindin tsagi maimakon ya liƙe a bango, in ya bushe ya kama. Kada a ja shi, in an ja sirancewa yake yi.

Ku matso nan, tsagin sama, wajen dama. Kun ga ɗan ƙarfen nan da ya leƙo? Shi ke mayar da ƙidayar hotuna farko idan an buɗe murfi. A yanke soso a tsallake shi. In kuka binne shi, ƙidaya ta rikice.

Na hinji kuma, wanda shi ne mai laifin yau, a auna tsawo da faɗin tsohon gurbin, a yanka daidai. A nan ake yin kuskure na biyu, wai mai kauri ya fi tarewa. Soso in ya yi kauri sai ya tokare murfi, ƙugiya ta kama da ƙyar, murfin ya ɗan bankare, haske ya samu sabuwar ƙofa a ɗaya gefen. Murfi ya rufe da ɗan matsi kaɗan, a ji ƙas. In sai an danna da hannu biyu, a cire a sa na milimita 1. Ni a ganina, a tsagin sama da ƙasa ko baƙin zaren ulu yana yi, kuma ba ya narkewa, amma hinji sai soso ko ƙyallen felt.

Tunda an zo nan, a cire lens a leƙa sama da madubin da ke cikin kyamara. Akwai wani ɗan soso da madubi ke bugawa in ya tashi. Ba haske yake tarewa ba, amma in ya narke yana shafa wa madubi kwalta. A canza shi kyamara na tsaye yadda datti zai faɗo waje. Farin gilashin da ke dab da shi, wanda ake saita hoto a kai, yawanci roba ce, sifirit na ɓata shi har abada. Fuskar madubi ma kada a goge ta da ƙarfi, azurfarsa a waje take.

A rufe murfi a bar shi ya kwana. Gobe a sa fim mai araha. Rabin farko, a zagaye murfi da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Rabi na biyu a cire, a ɗauki hoto, a ja hannu, a ajiye kyamara a rana minti goma hinji na kallon sama, lens a rufe. In rabin biyun sun fito iri ɗaya babu tabo, an gama.

In har yanzu akwai farin ɗigo a wuri guda a kowane hoto, kuma bai tsallaka iyaka ba, a buɗe murfi a ɗaki mai duhu, a cire lens, a ɗaga madubi in akwai, a haska tocila ta gaba, a dubi labule kafin a ja hannu da bayan an ja, domin labulen biyu ne. Ɗan tauraro a jikin yadi, huda ce. A kyamarori marasa madubi irin su Zorki da tsofaffin Leica, rana ce ke ƙona ta idan an bar lens a buɗe yana kallonta. Canza labule kuma sai an kwance kyamarar gaba ɗaya, wannan a kai wa mai gyara.